Ziyara Daura: Inda Gyaɗa Ke Fitar Da Uwargida Kunyar Baƙi

A wannan wata mun yi tattaki zuwa Daura, tushen Hausa, a arewacin Jihar Katsina dab da iyakar Nijar. Mai tasowa daga Kano zai bi ta Kazaure, kuma tun kafin ya isa zai lura ƙasa ta fara sauya kama. Yashi ya yawaita, gawo da dabino da goruba sun tsaya jefi-jefi a cikin gonaki, idan kuma da kaka ne sai ka ga harawar gyaɗa an ɗaure ta dami-dami an ɗora a kan rassan bishiya don kada dabbobi su kai gare ta.

Ba a shiga Daura a fita ba a leƙa rijiyar Kusugu ba. Nan ne tarihin baka ya ce Bayajidda ya kashe macijin da ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Magajiya Daurama ta aure shi, daga zuriyarsu aka sami sarakunan Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Yau an gine rijiyar a cikin ɗaki, mai ziyara yana iya jan guga da hannunsa. Ba nisa daga nan akwai fadar Sarkin Daura, wadda Alhaji Umar Faruk Umar ya shiga a 2007 bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bashar. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5: Daura, Zango, Ɓaure, Sandamu da Mai'aduwa. A garin ne kuma aka yi jana'izar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a watan Yuli na 2025.

Gari ne da baƙo ba ya yanke masa. Bayan ƙaramar Salla da babba, ga Sallar Gani da ake yi a watan Rabi'ul Awwal, lokacin da hakimai ke shigowa da dawakai, 'yan uwa na nesa su dawo gida, ɗakin kowace uwargida ya cika ya batse. A nan ne hankalin mace kan tashi, domin kuwa kaza ta yi tsada, fulawa da mai da sukari na cincin su ma ba a cewa komai, ga shi Bahaushe ya ce baƙonka annabinka. Abin da ya burge mu shi ne yadda matan wannan yanki suka daɗe da sanin mafita, kuma mafitar tana cikin gonar bayan gida.

Gyaɗa da ƙasar yashi

Gyaɗa tana son ƙasa mai yashi, saboda bayan ta yi fure sai ta tura ɗan tsinke cikin ƙasa, a can 'ya'yan ke girma. Idan ƙasa ta yi tauri ko ta riƙe ruwa, ba ta yin kyau. Shi ya sa ta karɓi ƙasar Daura, inda damina gajera ce, ƙasa kuma sakwa-sakwa. Wani abin mamaki, asalinta ba na nan ba ne. Daga Kudancin Amurka take, 'yan kasuwar Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, ta yi ta shigowa har ta zama 'yar gida.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai gyaɗa ta koma kuɗi. Manoman ƙasar Kano da Katsina da Daura suka duƙufa, fatake suna kai ta Kano a kan raƙuma da jakuna, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suna saye, ana jera buhuna har suka zama dalar gyaɗar nan da iyayenmu ke ba mu labari. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 su suka durƙusar da wannan ciniki. Dala ta tafi, amma gyaɗa ba ta bar hannun mata ba. Su ne masu ɓara, su ne masu soyawa, su matse mai, su murza tunkuza su yi ƙuli-ƙuli, duk daga cikin gida.

Mai son ganin haka da idonsa ya je kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, inda mutanen Nijeriya da na Nijar ke haɗuwa. An fi saninta da dabbobi, amma a layin masu awo za ki tarar da gyaɗa tsaba da mai ɓawo, ga aya, ga riɗi, ga gurjiya, a gefe kuma masu kayan yaji da citta da kanumfari da masoro da kimba. Duk abin da ake buƙata don haɗa abin taɓawa na biki yana nan a wuri guda.

Tun daga awo ake gyara

Kafin mu je ga kasko, ga gargaɗi. Gyaɗar da aka adana da danshi takan yi fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da wata guba da likitoci ke kira afulatoksin, wadda ke lalata hanta, har takan kai ga sankarar hanta idan aka daɗe ana ci, tana kuma tauye girman yara. Suya ba ta kawar da wannan guba. Saboda haka kada arha ta ruɗe ki. Ki ɗebi gyaɗar a tafin hannu ki duba, ki shinshina. Idan kika ji warin gumi ko na ruma, ki wuce gaba. Kin dawo gida ki zuba a faifai ki tsince duk wadda ta yamushe, ko ta yi baƙi ko kore, ko ƙwaro ya huda. Wadda aka tsince a zubar, kada a ba yara, kada kuma a ce bari a niƙa ta a kunu.

Yadda ake yi

Ga gyaɗa tsaba gwangwanin madara 4, ki tanadi gishiri babban cokali 1, garin barkono da garin citta ƙaramin cokali ɗaya-ɗaya, masoro da kanumfari kaɗan, dakakken ƙuli-ƙuli babban cokali 2, da man gyaɗa babban cokali 1.

Ki narkar da gishirin a ruwan zafi, ki zuba gyaɗar ta yi kamar minti 10, sannan ki tsane ta ki baza a tire ta sha iska har ta bushe. Hikimar a nan ita ce gishirin ya ratsa ciki, maimakon ya tsaya a baya ya zube. Sai ki sami yashi mai tsafta, wankakke, tankaɗaɗɗe, ki zuba a kasko ya yi zafi, ki juye gyaɗar a ciki kina juyawa ba tsayawa a kan wuta matsakaiciya. Yashin ne ke raba zafi daidai, shi ya sa ba a samun wata ta ƙone wata tana ɗanya. Bayan kamar minti 20 ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki murza. Idan jan bayan ya fita salin-alin, cikin kuma ya fara ja-ja, ki sauke nan take, domin zafin da ta ɗauka zai ƙarasa ta. Wadda ta jira sai ta yi ja sosai a kan wuta, gyaɗa mai ɗaci za ta kwashe.

Ki tankaɗe yashin da rariya, ki bari ta huce kaɗan, ki murje ki fece ɓawon. Tun tana da ɗumi ki yaryaɗa man gyaɗar ki cakuɗa, sannan ki barbaɗa yajin da kika haɗa ki girgiza. Man shi ke riƙe yajin. Ba a sa yaji tun a kan wuta, don barkono yana saurin ƙonewa, ya ɓata ɗanɗano, ya cika gida da tari. Mai oba tana iya barin yashi, ta baza gyaɗar a tire ta gasa da wuta matsakaiciya tana juyawa lokaci-lokaci.

Don masu son zaƙi, ki haɗa gyaɗa ɗanya gwangwani 2, sukari gwangwani 1, ruwa rabin gwangwani da ɗan garin citta a tukunya, ki yi ta juyawa har ruwan ya ƙone, sukarin ya koma gari ya lulluɓe kowace ƙwaya. Ki rage wuta ki ci gaba da juyawa har ta soyu. Aya ma ana soya ta a yashi kamar haka, idan aka haɗa ta da gyaɗa da gugguru a faranti guda, abin sai wanda ya gani.

Sai ta huce sarai za a zuba a kwalba busasshiya a rufe. Idan aka rufe da ɗumi, gumi zai sa ta yi laushi. A haka takan yi mako 2 zuwa 3 garau, wato kina iya gamawa tun kafin hidimar suna ko biki ta taso.

A kula da yara

A gidan biki ido ba ya kan yara. Yaron da bai kai shekara 5 ba kada a ba shi gyaɗa ƙwaya, domin tana iya sarƙe shi ta faɗa hanyar numfashi. Haka nan akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa sam. Duk wanda ya ci aka ga leɓe ko fuska ta kumbura, ko numfashi yana sarƙewa, a garzaya da shi asibiti, ba a tsaya jiƙe-jiƙe ba.

Ga wadda ke neman abin yi a ɗaki, wannan ƙofa ce. Jarin mudu guda ya isa farawa, a zuba a kwalabe masu tsafta a kai shagon unguwa, ko a karɓi aikin masu biki, ba sai an ɗora wa 'ya mace talla an raba ta da makaranta ba. Idan Allah ya kai ki Daura, bayan kin ja ruwan Kusugu, ki tsaya layin masu awo ki yo wa maigida da yara tsaraba. Allah ya sa albarka a abin da muke ci da abin da muke ciyarwa, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.