Malamin Cikin Aljihu

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye kusa da Mirya, a ƙasar Damagaram. Yau zan ba ka labarin wani ɗalibina da salularsa.

Dattijo ne, manomi, ya haura shekara 60. Ya yi karatun allo yana yaro, amma bai sauke ba. Ɗansa da ke sana'a a Kano ya kawo masa salula, ya sa masa Alƙur'ani a ciki, da rubutu da murya. Baba ya yi murna ƙwarai. Da dare, in ya dawo daga lambu, sai ya shimfiɗa tabarma, ya danna, ya ji aya, ya maimaita. In ya manta, ya sake dannawa. Salula ba ta gajiya, ba ta tsawa, ba ta da bulala.

Ran nan da aka tashi daga darasi, sai ya tsaya. Na ga ransa a ɓace. Ya ce: "Malam, ashe shekara 50 ina ɓata sallata? Tun daga Fatiha, mai karatun nan yana jan wata kalma inda malaminmu bai ja ba." Ashe kwana uku ke nan ya ƙi shiga gaba ya ja iyalinsa salla.

Na ce: "Baba, ni boko na karanta. Wannan ya fi ƙarfina. Tashi mu je wurin liman."

Liman ya saurara, ya yi murmushi. Ya ce karatun salular ruwayar Hafsu ce, wadda aka fi yi a Makka da Masar. Mu kuwa, allunanmu da ruwayar Warshu ake rubuta su, kamar mutanen Maroko da Aljeriya. Hafsu ya karɓa daga Asimu na Kufa, Warshu daga Nafi'u na Madina. Duka biyun ingantattu ne. Baba ya yi ajiyar zuciya, ya ce: "Alhamdu lillahi."

Muka buɗe salula muna neman karatun Warshu. Sunaye suka jeru da baƙaƙen boko. Na ƙyale shi. Ya bi da yatsa sannu sannu, har ya gane sunan da kansa, ya danna. Da ya ji karatu irin na malaminsa, sai hawaye.

Ka gani, ɗan'uwa, salula tana taimakon mai neman sani. A shekarar 2009 an fara wani shiri a ƙauyukan jihohin Damagaram da Doso. Aka koya wa ɗaliban yaƙi da jahilci rubuta saƙo da salula. Da aka yi jarrabawa, sun fi waɗanda ba a koya wa ba, a rubutu da lissafi.

Ba mu kaɗai ke karatun addini ta wannan hanya ba. Can gabashin duniya, a Tailan da Siri Lanka, akwai mabiya addinin Buda. Tsofaffin littattafansu da harshen Pali aka rubuta su. Yanzu su ma an sa su cikin salula, mutum ya karanta shi kaɗai a ɗakinsa. Duk da haka ba su daina zuwa gaban malamansu ba.

To, ga abin da na koya daga Baba. Salula tana faɗa maka, amma ba ta jin ka. In ka yi kuskure, ba za ta gyara maka ba. In ka ruɗe, ba ta san ka ruɗe ba. Saboda haka ka yi bita da ita kullum, amma ka kai karatunka gaban malami ya ji. Kada kuma ka fasa zuwa aji, don wanda bai san baƙi ba, abin da aka danna masa shi zai ji. Matambayi ba ya ɓata.

Baba ya koma jan iyalinsa salla. Yanzu yana izu na 12. Allah ya nuna mana saukarsa, amin.