Tsohon Inji da Mai Lambu a Kwarin Majiya

A yankin da ya haɗa Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, cikin jihar Tawa, babu babban kogin da jirage masu inji ke zirga-zirga a kansa kamar yadda ake gani a Gaya ko Yawuri, domin Majiya ƙorama ce mai gudu da damina kawai, wadda ke ratsa kwarinta har ta zube a tafkin Kalmalo, a ƙetaren iyaka cikin jihar Sakkwato. Amma ɗan'uwan injin da masunta ke ɗaurawa a bayan kwalekwale, wato ƙaramin injin fetur na ban ruwa, ya daɗe da zama abin da rayuwar manomin rani ta rataya a kansa. Fadamar Ƙonni da gwamnati ta shirya a 1976 da 1982, mai faɗin sama da hekta 2,400, tana shan ruwan madatsun Mozage da Zango ta magudanai, sai dai lambunan da ke wajenta, daga Tsarnawa da Dogarawa da Galmi har zuwa Badagishiri, yawancinsu da rijiya da inji suke rayuwa. Dattawan da suka fara ban ruwa da jigo tun suna samari, sannan suka ga zuwan injunan Robin da Honda da Yamaha, da kwaikwayonsu na Sin da ya biyo baya, sun tara wani ilmi na gyara wanda ba a makaranta suka same shi ba, kuma ya cancanci a rubuta shi.

Dalilin da ya tilasta musu koyon gyara ba ɓoyayye ba ne. Albasar da suke nomawa shuka ce mai gajeriyar saiwa, wadda ba ta jure ƙishirwa a lokacin da take yin kai, kuma inji ba ya zaɓar ranar da zai tsaya. Wanda ya dogara kacokan ga bakaniken gari, ya ɗora inji a kan amalanke ya je ya tarar da layi, yana iya dawowa ya iske fangalolinsa sun yi yaushi.

Abu na farko da shekaru suka koya wa irin waɗannan dattawa shi ne riƙe hannu. Matashi idan inji ya ƙi tashi, sifana yake fara nema, ya kwance duk abin da ke kwantuwa, ya baza ƙusoshi a kan rairayi, daga nan sai lalura ɗaya ta zama uku. Dattijo kuwa tambaya yake farawa da ita, kuma idan ɗansa ya zo da gudu yana cewa, “Baba, inji ya mutu,” amsarsa ita ce, “To ɗana, yaya ya mutu, farat ɗaya ko da tari?” Tambayar tana da tushe, domin injin da ya ɗauke farat ɗaya galibi wuta ya rasa, wanda kuma ya yi ta tari yana raguwa kafin ya tsaya mai ne bai ishe shi ba. Baƙin hayaƙi yana nuna fetur ya yi wa iska yawa, hayaƙi mai shuɗi yana nuna baƙin mai na shiga inda ake ƙona fetur, igiyar da ta yi sakwaf a hannu kuwa tana nuna matsi ya zube, wato ƙarfin da fistin ke danne cakuɗen mai da iska da shi kafin wuta ta kama. Daga nan ake bin zargi daga mai arha zuwa mai tsada, ba a taɓa zuciyar inji sai an wanke fetur da wuta da iska daga laifi.

Fetur ne ya fi kowa yawan laifi, kuma tarihin yankin ya bayyana dalili. Shekara da shekaru man da ake ƙonawa a lambunan Ƙonni ta Illelar Najeriya yake shigowa, a jarkoki da durom, a sayar da shi cikin kwalabe a bakin hanya, kuma kowane juyi daga mazubi zuwa mazubi yana ƙara masa ƙura ko tsatsa ko ɗigon ruwa. Da aka janye tallafin mai a Najeriya a watan Mayu na 2023 farashi ya tashi, manomi ya ƙara matsuwa ga sayen duk abin da ya samu. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka yakan kwanta a ƙasan tanki, daga nan ya gangara cikin kwanon kafireta, wato na'urar da ke gauraya mai da iska gwargwadon buƙatar inji. A gindin kwanon akwai 'yar ƙusa, wadda idan aka sassauta ta aka tari abin da ya zubo a murfin kwalba, za a ga ruwan ya dunƙule a ƙasa daban da man. A tsakiyar kwanon kuma akwai ɗan tagullan da ake kira jet, mai ƙaramar huda wadda ƙwayar rairayi ɗaya ke iya toshewa, kuma a nan ne ake gane hannun da ya ƙware: ba ya zura allura ko ƙaya, domin huda idan ta faɗaɗa ba ta komawa, injin zai riƙa shan mai yana baƙin hayaƙi har ƙarshen ransa. Silin waya ɗaya ake zarowa daga tsohuwar wayar lantarki ta tagulla, a ratsa hudar da shi a hankali, a hura, a ɗaga ta sama a leƙa har sai an ga haske zagaye. Dattawa sukan tace mai da tsumma mai tsabta kafin ya shiga tanki, sukan kuma ɗiga shi a kan takarda, domin fetur tsantsa yana bushewa nan da nan, wanda aka gauraya da kananzir kuwa yana barin tabon maiƙo.

Gwajin wuta ba ya ɗaukar lokaci. Ana cire fulogi, wanda a gefen Nijar aka fi sani da buji, a mayar masa da hularsa, a jingina shi da ƙarfen inji nesa da raminsa da duk inda fetur ya zuba, a ja igiya a cikin inuwa. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi alamar lafiya ne, rashinsa kuma yana tura zargi ga fulogin kansa kafin koyil, wato na'urar da ke ba shi wuta. Ratar bakinsa a irin injin Honda GX160 tsakanin milimita 0.7 ne da 0.8. Akwai kuma wani tarko da ya sa mutane da yawa sayen koyil a banza: injuna da dama suna da na'urar da ke yanke wuta idan baƙin mai ya yi ƙasa, kuma injin da aka girke a karkace a bakin rijiya man cikinsa yakan tattaru gefe guda, sai na'urar ta kashe shi alhali lafiyarsa ƙalau. Maganin shi ne a daidaita masa mazauni a cika mai. Masu gaggawa sukan tsinke wayar su huta, kuma wannan ɗabi'a ce da ya kamata a yi tir da ita, domin cikin injin bai wuce kusan lita 0.6 na baƙin mai yake ɗauka ba, ba shi da matatar mai, kuma ranar da ya ƙafe fistin zai kama jikin silinda ba tare da gargaɗi ba. Masu ƙera shi sun ce a canza man bayan kowace awa 100 ta aiki, amma a ƙurar hunturu, wadda ita ce kuma ke toshe soson iska tana cinye ringi idan an cire soson an yar, jira har awa 100 sakaci ne.

Sau da yawa kuma injin yana ruri lafiya, ruwa ne ba ya fitowa, kuma nan ne wanda bai fahimci famfo ba yake zargin inji da laifin da ba nasa ba. Famfon ba ya jan iska, shi ya sa ake cika cikinsa da ruwa kafin a tayar, kuma a haƙiƙa nauyin iskar duniya ne ke turo ruwan rijiya sama cikin tiyo idan farfelar ciki ta rage matsin da ke gabanta. Wannan nauyi yana da iyaka, wadda a lissafi ta kai kimanin mita 10, a aikace kuma ba ta cika wuce 7 zuwa 8 ba, saboda haka idan bazara ta kama ruwan ƙasa ya ja baya, babu wani gyara da zai sa injin ya ɗago abin da ya fi ƙarfin halittarsa. Ƙaramar huda a tiyon jan ruwa, ko sako-sako a mahaɗarsa, ta isa ta hana ruwa hawa, kuma tsohon magani shi ne a yanko roba daga tuf ɗin babur a naɗe mahaɗar tam. Barin famfo yana juyawa a bushe yana ƙona sil, wato zoben da ke hana ruwa bin sandar farfela ya tsiyaye. Manoma kan haƙa rami kusa da rijiya su sauke injin domin ya matso kusa da ruwa, dabara ce mai kyau, amma tana da haɗarin da dattawa ba sa gajiya da nanatawa: hayaƙin fetur yana ɗauke da guba marar wari wadda ke taruwa a rami, kuma mutumin da ya sauka rijiya ko rami mai zurfi alhali inji na aiki a ciki, ko bai daɗe da tsayawa ba, yana iya sumewa kafin ya iya kiran kowa.

'Yan yankin da ci-rani ya kai su kamun kifi a kogin Kwara ko Tafkin Cadi sun tarar da wannan tsari na bin zargi yana aiki a kan injin kwalekwale, sai ɗan bambanci. Tsofaffin injunan jirgi irin Yamaha Enduro ba su da ma'ajiyar baƙin mai, ana gauraya shi ne da fetur, galibi kashi 1 cikin 50, kuma wanda ya yi rowar mai ya sayi fistin. Ruwan kogi ne ke sanyaya su, wanda wata farfelar roba ke turowa sama, shi ya sa matuƙi ke waiwayawa ya duba siririn ruwan da ke tsartuwa daga gefen injin. Idan ya ɗauke, a kashe nan take. Zaren koma da ya naɗe a bayan farfela yana yanke sil, ruwa ya shiga giya, man giyar ya koma fari kamar nono.

Sanin inda hannun mai lambu ya kamata ya tsaya shi ma darasi ne, kuma galibi da asara aka koye shi. Daidaita bawul, canza ringi, ko buɗe cikin inji idan ana jin bugun ƙarfe daga ƙasa, aiki ne na bakanike mai ma'auni, kuma dattijo ba ya jin kunyar kai masa. Abin da yake yi shi ne ya zauna kusa ya ce, “Malam, nuna mini abin da ya lalace,” ya karɓi tsohon kayan da aka cire, ya gwada shi da sabon da aka kawo daga kasuwar Ƙonni ko Sakkwato, domin jabu ya yi yawa kuma kwali ba ya faɗin gaskiyar abin da ke cikinsa. Yau wasu sun mayar da injunansu kan tukunyar gas, wasu sun koma famfon hasken rana, amma tsohon injin fetur yana nan a mafi yawan lambuna, kuma yawancin lalurar da yake tashi da ita a farkon rani tun ranar ajiya aka shuka ta. Idan an kwashe albasa an zuba a rudu, wato rumbun ajiyarta, sai a rufe makunnin mai a bar injin ya ƙone abin da ya rage a kafireta, domin fetur da ya kwana watanni yana zama danƙo. A zubar da ruwan famfo, a sa sabon baƙin mai, a ja igiya a hankali har ta yi nauyi, alamar bawul sun rufe damshi ba zai shiga silinda ba, sannan a toshe bakin salansa da tsumma, saboda zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a ciki da damina.