Tsaba da ƙaiƙayi a hoton yatsa

A Gantsa, hedikwatar ƙaramar hukumar Buji, da ma Dutse, abu ne sananne a layin ɗaukar hoton yatsa: na'ura ta karɓi yatsan ɗalibi nan take, amma ta yi ta ƙin na dattijon da ƙotar fartanya ta shafe wa zane. Lamarin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin tambaya ɗaya ce a ƙarƙashinsa: a cikin hoto, wanne ne tsaba, wanne ne ƙaiƙayi?

A wurin kwamfuta hoto jerin lambobi ne, kowane ɗigo da lambar haskensa. A 1910 Alfred Haar, masanin lissafi ɗan Hungari, ya wallafa dabarar da ta zama mafarin webilet, wato 'yar taguwa. Ɗauki ɗigo biyu maƙwabta, 100 da 104: tsakatsakinsu 102, ratar kowanne daga tsakiya 2. In kuwa 100 da 180 ne, tsakatsaki 140, rata 40. Sai a ajiye ratar gefe, a sake yi wa tsakatsakin haka, hawa bayan hawa. Ba abin da ya salwanta, domin daga waɗannan lambobi ana iya maido da hoton cif.

Ga amfanin rarrabawar. Dattin da ke ɓata hoto yakan watsu cikin ƙananan rata masu yawa, bakin zane kuwa yakan taru a 'yan manya. A 1994 David Donoho da Iain Johnstone suka nuna yadda za a lissafo iyaka daga ƙarfin dattin, a mayar da duk ratar da ba ta kai ta ba sifili, sannan a sake haɗa hoton. Da webilet ne ma hukumar FBI ta Amurka ta matse hotunan yatsa kusan ninki 15, a ma'aunin WSQ na 1993.

Sai dai mai sheƙa ta san cewa iska in ta yi ƙarfi, har da tsaba take tafiya. Zanen da ya side ƙaramar rata yake bayarwa, daidai da datti. A ɗaga iyaka, hoto ya fito tas, shaidar mutumin ta bi ƙaiƙayi. Saboda haka nake ganin duk na'urar da za a kawo Jigawa, a fara gwada ta da hannun manoma a ƙarshen damina, kafin a ɗora mata rajistar kowa.