Kujerun da ban zauna a kansu ba

A Panteka ta Kaduna na koyi walda, a hannun wani dattijo da muke kira Baba. Ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe ne abincinmu. Ban daɗe da buɗe shagona ba sai wani yayi ya shigo: masu sabbin gidaje suna gina dogon tebur a kicin, wanda ake kira kanta, a shimfiɗa masa dutse mai sheƙi, sannan a nemi dogayen kujerun ƙarfe da za a jera a gabansa. Na karɓi wannan aiki hannu bibbiyu. Ina ɗaukar hoto ina sawa a Instagram, ana ta yabo, kaina ya fara kumbura. Har na soma kallon aikin Baba a matsayin na mutanen da, mai nauyi, mara fasali.

Wata Hajiya ta turo min hoton wata kujera ta waya, ta ce irinta take so guda huɗu: siraran ƙafafu, baƙin fenti, mazaunin katako. Ban taka gidan ba, ban auna komai ba, ban tambayi waɗanda za su zauna ba. Teburin kicin yakan kai santimita 90, kujerarsa kuma 60 zuwa 65, don gwiwa ta sami wurin shiga. Ta hoton irin ta tebur mafi tsayi ce, kujera mai santimita 75. Ita na kwaikwaya.

Wannan ganganci ne. Abin da ya biyo baya kuwa ha'inci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Na sayi bututu mai kauri ƙasa da milimita ɗaya don ribata ta ƙaru. Irin wannan ƙarfe ba ya jure wutar walda, kana daɗewa a kansa yake hujewa, don haka na riƙa ɗiga masa wuta nan da can. Na goge, na cike ramukan da fila, na fesa fenti ba tare da na fara sa jan fentin da ke hana tsatsa ba. Suka fito gwanin sha'awa. Na karɓi kuɗina.

Ranar da ta kira ni, muryarta a sanyaye take. Mahaifiyarta ta ɗora ƙafa a kan ƙarfen takawa za ta hau, ya ɓalle, ta faɗi, ta yi targaɗe a hannu. Na tafi ina ta shirya uzuri a hanya. Hajiya ba ta yi min faɗa ba. Ta nuna ɗaya daga cikin sauran ukun ta ce, "Malam, bismilla, zauna."

Na hau. Cinyoyina suka matse a ƙarƙashin dutsen, kujerar tana rawa da ni, ƙasan ƙafafunta ya riga ya fara tsatsa saboda ruwan goge-goge. A nan na tuna cewa tunda na ƙera su ban taɓa zama a kan ko ɗaya ba. Hoto kawai na ɗauke su. Ina cikin wannan hali tsohuwar ta shigo da hannu a ɗaure, ta ce, "Ɗana, kada ka damu, tsautsayi ne." Da zagina ta yi, da ya fi min sauƙi. Ita tana ba ni uzuri da zuciya ɗaya, ni kuma na san ranar da na tsaya a gaban mai sayar da ƙarfe na zaɓi mai arha, na san inda na rufe da fila. Ni na ƙera wannan tsautsayin da hannuna.

Na kai wa Baba guntun da ya ɓalle. Ya juya shi, ya kankare da farce, ya ce, "Yaro, wuta ba ta shiga ƙarfen nan ba." Sai ya tuna min abin da na sani na take. Kujera 'yar tsuguno da iyayenmu mata ke tuƙa tuwo a kanta, ko ta karye ba nisa tsakaninka da ƙasa. Doguwar kujera hawanta ake yi, kuma lokacin hawa duk nauyin mutum a kan ƙarfen takawar nan yake sauka. Shi ne kuma yake ɗaure ƙafafu huɗun kada su buɗe. Wurin da ya fi ko'ina buƙatar cikakkiyar walda, nan na fi yi wa rowa. A da ina ganin ɓata lokaci Baba yake yi idan ya hau kujerar da ya gama yana jijjiga ta da ƙarfinsa kafin ya bari a fita da ita.

Na koma gidan da awo, na sake ƙera huɗun da kuɗina, da bututu mai kauri, walda zagaye da kowace gaɓa, da roba a ƙasan ƙafafu don kada su karce tayil. Hajiya ta karɓa ta yi godiya. Da ƙanwarta ta tashi yin nata kicin, wani shagon ta kai ta.