Firi a Gangaren Filato

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, wani tsohon direba a Kamazou ba shi da zance sai na firi. Yaran yanzu, in ji shi, da sun ga gangara sai su zare giya, wasu har su kashe inji, wai tattalin fetur suke yi. Ga matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980 nan kusa da unguwarsu, ko ambatonta ba ya son a yi.

A zamaninsa Fijo 504 yake ja, irin wadda ake haɗawa a Kakuri. Da an sallame asuba ya yi lodi ya kama hanyar Kachia: Kujama, Kasuwan Magani, gari na wayewa duwatsun Kajuru na fitowa daga cikin hazo. Dalilin sammakon duk na aljihu ne. Da sanyin safiya lagireto ba ya tafasa a hawa, taya ba ta zafi, mutum ya sauke fasinja a Jos ya juyo bai biya kuɗin kwana ba. Fasinjan ma guzurinsa a leda yake, ƙosai ko dafaffiyar gyaɗa. Daga Kachia mai citta a wuce Zonkwa da Samaru Kataf, a Manchok dutsen Kagoro ya tsaya wa mutum a gefe, sai hawan Filato ta Ganawuri zuwa Vom.

Hawan bai taɓa damunsa ba, saukowar ce. Wani abokin aikinsa ya taso daga Jos da duku-duku cikin hunturu, ya kashe inji a gangara don ya rage mai, aka kwaso shi a ƙasan kwana. Dattijon yana cikin waɗanda suka kai shi gida, kuma duk inda hira ta zaga nan take komawa.

Maganarsa tana kan hanya. In inji ya mutu, iskar da ke taimakon birki takan ƙare bayan taku biyu ko uku, birkin ya yi tauri. In babu giya, nauyin mota duka a kan birki yake, ya yi zafi ya daina kamawa. Motocin yanzu masu kwamfuta ma da kansu suke tsayar da mai in suna gangara cikin giya, don haka mai firi bai tsira da komai ba.

Wajen lokacin tashi ne shawararsa ke karo da juna. Yana yabon sammako, amma tun da masu garkuwa da mutane suka addabi yankin Kajuru ya hana ɗansa, wanda ya gaji sana'ar, fita kafin ƙarfe 7. Ranar da yaron ya bi umarnin kuma, sai ya tsaya masa a ƙofar ɗaki yana faɗan cewa direban kirki ba ya bari rana ta same shi a Kamazou.