Ƙurar da Ke Cikin Kiɗan

A 2011 wasu mata da miji a Amurka, Aaron Coyes da Indra Dunis, masu kiran kansu Peaking Lights, suka fitar da faifai mai suna 936. Kiɗa ne mai jan jiki, bugunsa na maimaita kansa, muryar matar tana zuwa kamar daga cikin rijiya. Amsa-kuwwar sun aro ta daga dub, salon da su King Tubby da Lee Perry suka ƙera a Jamaika a shekarun 1970. Mijin da hannunsa yake haɗa wasu na'urorin daga tarkacen kayan lantarki. Masu sharhin kiɗa a Turai da Amurka suka yi ta yabo, kuma kalmar da ta fi yawo a bakinsu ita ce lo-fi, wato sauti mai ƙura, wanda aka bar masa shuu ɗinsa da dusashewarsa da gangan.

Shekara biyu bayan haka irin wannan yabon ya iso maƙwabtanmu. Kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, da ke Portland, ya sake buga La Musique Électronique du Niger na Mamman Sani, wanda aka ɗauka a gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1978, da ogan ƙirar Italiya, aka fitar a kaset kaɗan. Mutanen Nijar sun daɗe suna jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Da ya shiga kunnen Turawa sai ya zama abin mamaki: kiɗan mafarki, kiɗan sararin samaniya, mutumin da ya riga zamaninsa. Ya cancanci yabon. Sai dai mu da muka tashi a Guri, duk sa'ad da muka karanta ana kirarin ƙurar da ke cikin sautin, dariya takan so kama mu, don ƙurar nan ita ce abincinmu na kullum, kuma ba wanda ya tambaye mu ko muna so.

Waƙa ba ta zo mana a faifai ba. A mimori ta zo, daga shagon mai caji, ɗari biyu ko uku a ɗura ɗaya, wasu da sunan mawaƙi, wasu lamba kawai. Masu aikin kwamfuta a cikinmu sun san abin da ke faruwa a hanya. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa; MP3 na 128 ya zubar da kusan kashi tara cikin goma, yana fatan kunne ba zai lura ba. Kwafa daga waya zuwa waya ba ya rage komai. Abin da ke cin waƙa shi ne sake matse ta: a ciro ta daga bidiyon fim, a mayar da ita 3GP don ta shiga ƙaramar waya, wani ya sake juya ta MP3, wani ya ɗora sunan shagonsa a kai. Kowane juyi yana aske sama-saman sautin. Kafin ta baro Kano, ta ratsa Haɗeja, ta iso wayar masunci a cikin kwale-kwale tsakanin kachala, murya ta zama gwangwani, kiɗan kuma yana rawa kamar ana jin sa a ƙarƙashin ruwa. Brian Larkin ya rubuta irin wannan lalacewa a littafinsa Signal and Noise na 2008, a kan kaset-kaset ɗin Kano. Coyes yana iya cire ƙurarsa ranar da ya ga dama. Masuncin nan ba shi da maɓallin.

A 2013 ɗin dai Sahel Sounds ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin fim ɗin Hausa. A can aka saurare shi da kunnen son baƙon abu: fiyano, muryar da na'ura ta lanƙwasa, ƙamshin Indiya. A gida kuwa sunan wannan kiɗa nanaye, kuma ba da girmamawa ake faɗa ba. Sharhin da ya fi samu a hukumance daga hukumar tace fina-finai ta Kano ya fito, wadda a 2007 ta kai Adam A. Zango gaban kotu a kan Bahaushiya har aka ɗaure shi. Na waje ya ji sauti bai ji magana ba, don ba ya jin Hausa. Na gida ya auna tarbiyya da sutura, bai tsaya ya ce komai a kan yadda aka jera kiɗan ba. Idan ka cire rubuce-rubucen irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu, da wuya ka ga inda aka zauna aka ce makaɗin fiyano wane ya fi wane, ga kuma dalili. Alhali a majalisa muna yin wannan gardamar har dare ya raba. Rubutawa ce ba ma yi.

Abin da ya fi damun mu shi ne kwafi mai tsabta. Mamman Sani ya yi sa'a, an tarar da kaset ɗinsa a ajiye a Yamai, an gyara, yau kowa na iya saye. Waƙoƙin da aka yi a situdiyoyin Kano daga farkon shekarun 2000 fa, asalin fayil ɗinsu yana kan wace kwamfuta? Hadis yana mutuwa, situdiyo yana rufewa, mai shi ya koma wata sana'a. Nan da shekara ashirin, idan wani mai tono ya zo nema, mai yiwuwa abin da zai samu shi ne na cikin mimorin da ke aljihunmu, mai 64, da muryar mai shago tana katse baiti na biyu tana tallar caji. Zai buga shi a faifai mai tsada, masu sharhi kuma su rubuta cewa haka mawaƙin ya so ya yi sautinsa.