Akwati Uku a Takarda, Ƙofa Biyu a Makaranta

Duk wanda ya duba tallar neman ma'aikata a Jamus zai ga haruffa uku a gaban sunan aikin: m, w da d. Na farko namiji, na biyu mace, na uku kuwa "divers", wato wanda bai faɗa cikin ko ɗaya ba. Harafin ya samo asali ne daga hukuncin kotun tsarin mulkin ƙasar na 2017, wanda majalisa ta mayar doka a Disamba 2018. Dokar ta shafi mata-maza ne, waɗanda halittar jikinsu ta zo a gauraye, kuma sai da takardar likita. Batun ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu, domin malaman Malikiyya sun daɗe da yanke wa mata-maza da aka kasa tantancewa kasonsa na gado: rabin na namiji haɗe da rabin na mace.

Akwai wani rukuni dabam da waccan doka ba ta taɓa ba: waɗanda babu ruɗani a jikinsu, amma a ransu ba sa ɗaukar kansu maza ko mata. Su sai ranar 1 ga Nuwamba 2024 hanya ta yi musu sauƙi. Tun daga ranar, mutum kan sanar da ofishin rajistar haihuwa, ya jira wata uku, sannan ya zaɓi namiji, mace, "divers", ko a bar gurbin babu komai. Mai shekara 14 zuwa sama yana iya yin haka da yardar iyayensa.

A ɗauki mai shekara 16 da ke sakandare a jihar Bavariya, daga cikin wannan rukuni. Tun kafin a fara ba da labarin, Hausa ta tsaya tana tambaya: shi ko ita? Harshenmu ko gaisuwa ba ya yi sai ya raba "ka kwana lafiya" da "kin kwana lafiya". Jam'i kaɗai ne bai damu da jinsi ba, don haka a nan za a ce "su", kamar yadda ake yi wa manya.

An gyara musu takarda a ofis, amma makaranta ba ta canja ba. Jamusanci yana raba ɗalibi da ɗaliba kamar Hausa, kuma ba shi da wani wakilin suna na tsaka-tsaki da kowa ya amince da shi, irin "hen" da Suwidin ta shigar cikin ƙamusunta a 2015. Wasu kan sa alamar tauraro a tsakiyar kalma don ta haɗe kowa, sai dai gwamnatin Bavariya ta hana amfani da ita a rubutun hukuma da na makarantu tun Afrilu 2024. Wannan gardama ce ta 'yan siyasa, kuma ba ita ta fi ci musu tuwo a ƙwarya ba. Abin da ke gajiyar da su ƙanana ne. Malama ta ce maza su koma dama, mata hagu, za a yi kacici-kacici. Malami ya ce a ba shi samari huɗu ƙarfafa su kwashe kujeru. Takardar shiga ƙungiyar wasa ta zo da akwati biyu. Wurin aski ya rubuta farashin mata dabam da na maza, na mata ya fi tsada, alhali gashin ɗaya ne, almakashin ma ɗaya.

A kowanne daga cikin waɗannan, ana tilasta musu tsayawa na ɗan daƙiƙa a gaban jama'a su zaɓi gefe, kowa yana kallo. Kuma babu ɗaya da ke da wani dalili in ban da sabo. Ana iya raba aji da watan haihuwa. Ana iya cewa mai ƙarfi ya zo ya ɗauki kujera, wanda hakan zai ba yarinya mai ƙarfi dama, ya kuma rufa wa yaro marar ƙarfi asiri. Wasu masu aski tuni suka koma sa farashi bisa tsawon gashi. Ba sai malama ta yarda da yadda ɗalibinta ke fassara kansa ba kafin ta daina abin da ba ya ƙara wa darasinta komai.

Darasin motsa jiki ne inda maganar ke yin nauyi. A makarantun Jamus ana ba da makin gudu da tsalle ne bisa jadawali biyu, na maza da na mata, kuma a nan akwai dalili: bayan balaga, ƙarfi da sauri sukan bambanta. In an haɗe jadawalin, 'yan mata ne za su kwana ciki. Mai shekara 16 ɗin sun san haka, domin aminiyarsu tana cikin waɗanda makinsu zai faɗi. Haka ma ɗakin canja kaya. Yarinyar da ba ta son cire riga sai a gaban mata 'yan'uwanta tana da haƙƙi, kuma ba ƙiyayya ce ta sa ta faɗa ba. Dokar 2024 ma ba ta warware wannan ba: ta bar wa masu wuri ikon tsara wanda zai shiga ina.

Abin da suke roƙo bai kai girman abin da ake faɗa a kansa a talabijin ba: ɗaki ɗaya ƙarami mai sakata, wanda kowa zai iya shiga shi kaɗai. Ɗaliba Musulma mai lulluɓi za ta yi maraba da shi, haka ma yaron da ke ɓoye tabon tiyata. Amma gini yana cin kuɗi, don haka abin da aka samu shi ne makullin banɗakin naƙasassu, wanda ke hannun malami. Duk ranar darasin sai sun je sun karɓa, sun canja, sun mayar, su iso fili bayan kowa ya fara zagaye. Game da maki kuwa, malamin ya ce su zaɓi jadawalin da suke so kafin ƙarshen zango. In sun ɗauki na mata, za a ce sun nemi sauƙi. In sun ɗauki na maza, makin da zai fito a takardar sakamako zai sauka.